Gwaggo Adama Ba Ta Taɓa Ganin Rigima Ba

A Mandawari, in an sa ranar biki, kafin a nemi mai lalle Gwaggo Adama ake nema. Shekara ashirin da uku tana jan ragamar mata masu girkin biki, su goma sha ɗaya, kowacce da bakinta, kowacce kuma tana ganin hannunta ya fi na kowa. Abin da sana'ar ta bar mata shi ne suna da ciwon ido. Likita ma ya gaya mata ɓaro-ɓaro, in ba ta rabu da hayaƙin itace ba, wata rana da lalube za ta nemi ludayi.

Kwatsam sai ga wata makarantar kwana a wajen Ƙofar Nassarawa tana neman shugabar kicin, inda da gas ake girki. 'Yar ƙaninta Bahijja ta cike mata takarda, ta zaunar da ita tana yi mata bita.

"Gwaggo, dole su tambaye ki ko mutanenki sun taɓa samun saɓani, da yadda kika yi. Ki ba su labarin Mero da 'Yardada, shi ke nan kin ci intabiyu."

Labarin kuwa ya isa a ba da shi. A wani biki a Soron Ɗinki, Mero ta ce miyar 'Yardada ta yi zartsi, 'Yardada ta ce Mero ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba. Mata suka rabu gida biyu, aka ajiye ludaya, ga mutum ɗari huɗu suna jiran abinci. Gwaggo ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Miya ta ɗebo daga tukunyar 'Yardada ta kai wa Mero, ta ce, "Ta ce ki ji mata gishiri, ta fi yarda da harshenki." Ta ɗebo ta Mero ta kai wa 'Yardada da saƙo iri ɗaya. A wajen masu girki babu girmamawar da ta kai wannan. Kafin la'asar tukunya ɗaya suke tuƙawa. Yau ɗan Mero ne ke auren 'yar 'Yardada, kuma har gobe kowacce tana zaton ɗayar ce ta fara saukowa.

Ranar intabiyu, wanda ke tsakiyar tebur Alhaji Jafaru ne, kuma tambayar ta zo kamar yadda Bahijja ta faɗa. Gwaggo ta buɗe baki, sai ta tuna matar Alhaji ƙanwar mijin 'Yardada ce. Maganar da aka yi da hantsi a nan, kafin azahar ta isa Mandawari. Surukai biyu su ji cewa ba wadda ta taɓa aika wa wata miya?

"Ranka ya daɗe, mu ai ba mu taɓa samun saɓani ba."

"Shekara ashirin da uku, Hajiya? Ko sau ɗaya?"

"Ko a kan gishiri, alhamdu lillahi."

Alhaji ya jinjina kai ya yi rubutu. Ashe abin da ya rubuta shi ne ba ta da gogewa wajen sasanta rikici.

Mero aka ɗauka. Ita ma ta nema, ta kuma zayyana musu rigimar kaf, har da yadda ta danne zuciya ta yafe da aka aiko mata da miya. Suka ce ga shugabar da ta san haƙuri. Bahijja ta yi fushi kamar ta ci babu. Gwaggo kuwa abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Bayan sati biyu Mero ta yi sallama, ta tarar da ita durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace.

"Yaya Adama, matan kicin ɗin nan sun rabu biyu, ko gaisawa ba sa yi. Na yi wa'azin har na gaji. Ke dai Allah ya hutar da ke, ba ki san wannan wahalar ba. A taya ni da addu'a kawai." Sai ta leƙa fuskarta. "A'a, kuka kike yi?"

Gwaggo ta goge ido da gefen zani, ta gyara itacen.

"Hayaƙi ne, Mero."