Ma'aunin Gwiwa a Ɗakin Kundaye

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin da ke can ƙuryar laburaren jami'a, inda ake jibge kundayen digirin waɗanda suka gama. Ta wangale tagogi biyu, ta goge kantoci, ta zauna a kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ɗalibai na kiranta Goggon Kundi. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma na san manyan wurin ba za su kafa mata ko rumfa ɗaya ba.

Tana da wata al'ada. In ɗalibi ya zo da taken bincikensa, sai ta sa shi ya sauko da duk kundin da aka taɓa yi a kan batun, ya jera a ƙasa. In tulin ya kai gwiwarsa, ta ce, "Ɗana, an riga ka. Wa za ka ba labarin da ya riga ya sani?" Na ga wani ƙato mai gemu yana ɗage don gwiwarsa ta wuce tulin. Ta ce, "Sauko, ba tsayi muke aunawa ba."

'Yata ce ta kai ni wurinta. Sau biyu kwamiti na watsi da takenta, in na uku ya faɗi an sallame ta daga karatun. Duka biyun ni na tsara mata, ni mai ɗaki cike da littattafai. Na ukun ma nawa ne, na cika shi da manyan kalmomi. Aka jera kundaye, tulin ya wuce gwiwa ya doshi ƙugu.

"Wa ya ba ki wannan?" in ji Goggo.

"Babana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, ga benci can, huta." Ta juya ga yarinyar. "'Yata, wace tambaya ce ke cin ki, wadda kika rasa mai ba ki amsarta?"

Yarinyar ta ce, "Me ya sa Mama ta daina shan maganin hawan jini da ta ji sauƙi? Mata nawa ne ke yin haka?"

Wata huɗu uwarta, Allah ya jiƙanta, ta yi ba ta taɓa kwalbar ba, ina gidan ina karatu, ban lura ba.

Goggo ta shiga tsakanin kantoci, ta dawo da kundaye biyu sirara, ta ajiye. Ko idon sawu ba su kai ba. Ta ce, "Ga filinki nan, ba kowa a ciki."

Ke ce malamar da ba a taɓa sa wa rigar digiri ba, Goggo. Na san furofesoshin da suka tsufa suna raba wa yara take kamar tsofaffin riguna, ke kuwa sai kin tono tambayar daga cikin mai ita. Na gode, ni da ban saba gode wa kowa ba. Masu duba ɗalibai, ku je ku ga yadda ake yi kafin ta miƙa makulli.

Kwamiti ya amince da taken a zama ɗaya. Kundin 'yata na nan a kanta ta uku, ma'aikatan jinya sun karanta shi har bangon ya fara yagewa. Goggo ta liƙe shi da gam sau biyu.