Mai Tayil a Gubaira

A bakin wani shagon tayil a unguwar Gubaira da ke Riyad, Ghali direba yana kallon wani dattijo Bahaushe da siminti ya cinye wa farata. Dattijon yana tsugune, yana zana murabba'i a ƙasa da ƙusa, yana yi wa mudir, wato shugaban aikinsu, bayani: in an ninka tsawo da faɗin tsakar gida, tayil ninki huɗu za ta ci, ba biyu ba.

"Yalla, yalla!" in ji mudir, ya yi gaba.

Dattijon ya ja tsaki, ya dubi Ghali. "Malam, kwadiratik ke nan, daga sunan murabba'i da Latin. Gobe tayil ya ƙare, ni za a zaga."

Riƙon ƙusar nan, Ghali ya lura, riƙon alli ne. Dattijon ya share zanen da tafin hannu, kamar mai share allo.