Ƙoƙon da na bari a bakin gulbi

Da damina ce, Turawa ba su kai ga tafiya ba, na tashi daga Ƙofar Kware zan ƙetare gulbi ta wajen Wamakko in gaida malamina. Jirgin da za mu shiga ƙaramin kwalekwale ne mai yoyo, don haka mai fito yake ajiye ƙoƙon kwarfe ruwa a cikinsa. Na ɗauki ƙoƙon na yi alwalar La'asar, na manta shi a kan yashi.

Muna tsakiyar gulbi ruwa ya rufe mana idon sawu. Mai fito ya ce, "Malam, miƙo man ƙoƙon nan."

Na gaya masa gaskiya.

"Kai, Malam! Ga alwala, babu hankali!"

Ban iya iyo ba. Na shiga kwarfa da tafin hannu ina salati, ruwan kuwa sai hawa yake. Wata Bafulatana da ke bayana ta tuttule nonon da ke ƙwaryarta duka a gulbi, ta miƙo mini ƙwaryar. Da ita na kwarfe har Allah ya kai mu gaci.