Baba da Kaset ɗin Birai

Wata ranar Laraba a daminar 1991, Alhaji Buba ya shigo gidanmu a New Bell riƙe da kwali, ruwa na ɗiga daga hularsa. Maƙwabcinmu ne, Bafulatani mai sayar da atamfa a Marché Central. Lokacin ne na yajin da ya tsayar da Douala cak: ba kasuwa, ba lakwal (makaranta ke nan), ba taksi, sai hayaƙin taya a mahaɗar hanyoyi. Ina da shekara tara, ina durƙushe ina wanke tukwane a bakin kwata. Ya wuce ni ya tsaya gaban Baba. "Malam Isa, na samo fim biyar na wasu birai, amma Faransanci suke yi. Zo ka fassara mana."

Baba ya yi shekara goma sha huɗu a wani ofishin jiragen ruwa a Akwa kafin a sallame shi tare da wasu da dama. "Compressé" ake cewa a lokacin. Tun daga nan ya daina magana. Yakan yini a kujerar roba yana kallon ruwan da ke zuba daga kwano, Inna ta ajiye masa abinci ta ɗauke ba tare da ya ce uffan ba. Ranar ma cewa ya yi shi ba tafinta ba ne. Sai da Alhaji ya dawo sau uku sannan ya saka takalmi.

Bayan azahar muke kallo a gidan Alhaji, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Mata a tabarma suna tsince wake, mu yara a gaba, Baba a tsaye gefen tele. Labarin wata duniya ce da birai ke sarauta: suna hawan doki, suna shari'a, suna da likitoci, mutane kuwa bebaye ne ana kama su da raga. Da farko Baba a taƙaice yake fassarawa, kamar mai karanta takardar ofis. Kafin kaset na biyu ya ƙare ya fara canza murya, ta gwaggon biri daban, ta birinya likita daban, har Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya. A lungu muka ƙirƙiro wasan birai da mutane, da tsohon gidan sauro a matsayin raga. Kullum sai an yi faɗa, don ba mai son zama mutum: mutum ba ya magana.

A kaset na huɗu birai bayi ne, suna shara suna ɗaukar kaya, har suka gaji suka cinna wa gari wuta. Muna cikin kallo warin taya ya shigo ta taga, muka ji gudu a titi. Baba ya zauna. "Wannan ba sai na fassara ba," in ji shi. Alhaji ya tashi ya kashe bidiyon, ya ce akwai samari a ɗakin, kada fim ya zuga su. Na biyar ba mu taɓa ganinsa ba.

Da kasuwa ta buɗe, Alhaji ya roƙi Baba ya riƙa raka shi tashar jirgin ruwa wajen jami'an kwastan, yana yi masa tafinta. Wasu 'yan kasuwa suka biyo baya. Aikin da Baba ya riƙe ke nan har ƙarfinsa ya ƙare.

Finafinan ba su tsaya ba, an yi ta yin sababbi, biran yanzu har ƙwalla kake gani a idonsu. 'Ya'yana a Ndogbong suna kallonsu a waya, kowa da abin sauraro a kunne, Faransancinsu ya fi nawa. Bara na nemo tsofaffin na kalla ni kaɗai, sai na gano rabin abin da Baba ya sa a bakin biran nan babu shi a fim ɗin. Maganar wulaƙanci, da ta haƙuri, da ta wanda aka yi amfani da shi aka yar, duk tasa ce. Wata shida muna jiran ya yi mana magana, ashe ya yi, muna ta dariya.