Ƙuri'ar da Kuku Ya Fito da Ita a Cikin Hula

Kuku kowa ke ce masa, har 'ya'yansa idan sun so tsokanarsa. Tun bai yi gashin baki ba ya shiga kicin ɗin manajan kamfanin sufuri yana wankin tukwane, daga nan ya koma yankan albasa, har aka sakar masa murhu gaba ɗaya. Manajoji sun zo sun tafi, kowanne da matarsa da irin nata ƙorafin, shi yana nan. Gajere ne mai ƙaramar murya, bayan hannuwansa duk tabon tafasasshen mai. Bai taɓa faɗa da kowa ba. Ko ɗan sanda ya hango a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen, ba don ya yi laifi ba, don dai kada a yi kuskure a kansa.

Yana zaune da matarsa da yara a wani gidan haya bayan tashar jirgin ƙasa, inda bango ke rawa duk sa'ad da jirgin kaya ya wuce.

Shekarar da Turawa suka ce 'yan ƙasa za su zaɓi wakilan majalisa da kansu, gari ya rabu biyu. Akwai 'yan Fitila, masu cewa Turawa su tattara nasu ya nasu su tafi yanzu. Akwai 'yan Tsani, masu cewa a bi a sannu. Kuku ba ya cikin kowa, amma ba a ƙyale shi ba.

Wata safiya yana ajiye shayi a tebur, Manaja ya sauke jarida ya dube shi.

"Kuku, idan masu Fitila suka ci, kamfani zai rufe. Ba kamfani, ba kicin. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe," in ji Kuku.

Da ya koma gida kuma sai ya tarar da ƙanensa Dogo, direba, wanda ya zama na gaba-gaba a samarin Fitila, zaune a ƙofar ɗaki.

"Yaya, ana zancenka a ofishin jam'iyya," in ji Dogo. "Ana cewa wanda ya tsufa yana lasar cokalin Bature ba zai jefa mana ba. Ni ina kare ka, amma bakina ɗaya ne."

"To ai an ce a ɓoye ake jefawa."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. "A ɓoye? Yaushe aka fara ɓoye abu a garin nan?"

Tun daga ranar abinci ya daina shiga cikin Kuku. A bakin famfo ya ji ana cewa an kafa madubi a rufin ɗakin zaɓe. A wajen mahauci ya ji cewa akwai mutum kwance ƙarƙashin tebur yana duban ƙafafun masu shiga. Kuku ya dubi takalmansa na kicin, farare, waɗanda duk unguwa ta sani.

Ranar zaɓe ya ari takalman maƙwabci, ya tafi makarantar firamare ya shiga layi. Da aka zo kansa, malamin zaɓe ya shafa masa tawada a babban yatsa, ya miƙa masa 'yar takarda, ya nuna masa wani aji da aka rataya wa labule.

Ciki ba kowa. Bencuna an jingine su a bango, allo na ɗauke da ragowar lissafin yara. A kan tebur ga akwati biyu, ɗaya da hoton fitila, ɗaya da hoton tsani. Kuku ya ɗaga kai, bai ga madubi ba, sai kwanon rufi da yanar gizo. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, wayam. Duk da haka da ya miƙa hannu wajen Tsani sai ya ga kamar ana cinna wa ɗakinsa wuta. Da ya miƙa wajen Fitila sai ya ga kansa a bakin titi da yara, ba aiki.

"Kai na ciki, kwana za ka yi?" ɗan sanda ya daka tsawa daga waje.

Kuku bai san lokacin da ya cire hula, ya tura takardar ciki, ya mayar a kai ya fito ba.

Bai kai kwanar kasuwa ba ya ji ihu. Samari sun kewaye wani mai ɗinkin takalma suna jibga. Wai an kama shi ya fito da ƙuri'arsa a aljihu, kuma duk mai yin haka sayar da ita zai yi wa 'yan Tsani, su ba nasu mutum ya zuba. Mutumin na rantsuwa, jini na zuba daga hancinsa. A cikin masu dukan har da Dogo, da bel a hannu.

Dogo ya hango shi ya ɗaga murya, "Yaya, ka jefa?"

Kuku ya nuna yatsansa mai tawada. Ya wuce yana jin hular nan kamar an ɗora masa garwashi a ka, iska kuwa kamar da gayya sai kaɗa ta take yi. Da hannu ɗaya a kai ya isa gida.

Matarsa na tsugune tana wanki a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi masa ta tsame hannu, ta bi shi ɗaki ta sakaya ƙofa.

"Baban yara, lafiya? Ka yi fari kamar garin burodinka. Cire hular mana ka sha iska."

Ya ƙi. Ta sa hannu ta cire da kanta, takardar ta faɗo kan tabarma. Ya gaya mata komai cikin raɗa, ya ce ta yi sauri ta jefa a murhu.

"In ƙona, gobe a ƙirga a ga babu, a bi gida-gida ana tambaya? Kai da ko tari ɗan sanda ya yi sai ka amsa laifi?" Ta ɗauki takardar ta goge da gefen zane. "Mu mata ko sanya mu a layin ba a yi ba, kai an ba ka ka kawo mini gida kamar cefane. Ba a rufe zaɓen ba tukuna. Tashi mu mayar."

"Kashe ni za su yi."

"Sai su fara da ni."

Ta soke takardar a ƙugunta, ta ɗauki kwando kamar mai zuwa kasuwa, ta sa shi gaba. Suka ratsa samarin nan. A ƙofar makaranta ɗan sanda ya tare su, ya ga tawada a yatsan Kuku, ya damƙi wuyan rigarsa. Matar ta ɗaga murya tana kiran malamin zaɓe har ya fito. Ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Malam, mijina ne. Tsoro ya hana shi jefawa. Ga abinku, bai sayar wa kowa ba."

Malamin ya juya takardar, ya duba hatiminsa a baya, ya dubi Kuku da ke ta zufa. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji.

"Baba, ba kai kaɗai ba ne. Ɗazu wani a ƙarƙashin allo ya ajiye tasa. Sake shi, kofur. Shiga ka jefa, kuma don Allah ka fito hannu wofi."

Kuku ya sake shiga bayan labule. Wannan karon bai dubi rufi ba. Ya tuna jinin mai ɗinkin takalma, ya tuna muryar Manaja, duka biyun suka ɓata masa rai. Ya tura takardar a akwatin Fitila, don ko ba komai yana so ya ga ranar da ɗan ƙasa zai zauna a teburin da ya sha gogewa. Ya fito ya yi amai a gindin bishiya.

Fitila ta ci. Kwanaki Kuku na zabura duk sa'ad da aka buga ƙofa, amma ba wanda ya zo. Manaja bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya koma ƙorafin ƙwai ya dahu da yawa. Kamfani bai rufe ba sai bayan wasu shekaru, lokacin kuwa Kuku ya samu aiki a masaukin baƙi na gwamnati. Da Dogo ne dai dangantaka ta yi tsami, don Kuku ya daina sakar masa fuska, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

A masaukin nan ya ci gaba da girki wa sababbin 'yan majalisa har idanunsa suka yi rauni, ya fara zuba sukari a madadin gishiri. Babbar 'yarsa ta zo ta ɗauke shi da uwarta zuwa gidanta, inda ya ƙarasa kwanakinsa a kan kujera kusa da ƙofar kicin, yana gaya wa jikoki wuta ta yi yawa.