Sahabi Dillali da 'Yar Jugu

Duk wanda ya taɓa sayen saniya a karar Paraku ya san Malam Sahabi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai siririn gemu da ke tsayawa can gefe, sanda a bayan wuya, yana kallon dabba har mai ita ya gaji ya fara faɗin aibinta da bakinsa. A unguwar Zongo aka haife shi. Ubansa mahauci ne, shi kuwa fawa ba ta karɓe shi ba, sai ya bi Fulani tun yana saurayi, ya koyi yarensu, ya koyi duba haƙori da kofato. Ya ci kasuwannin Borgu kaf, ya kai har Kolokonde a ƙasar Jugu tun lokacin da mota ba ta shiga can da damina. Abin da dillanci ya bar masa shi ne rashin yarda. In aka yaba masa sa, sai ya zagaya ta bayansa. In mutum ya cika gaisuwa, sai ya yi shiru yana jiran abin da ke tafe. Magana kuwa ba ta dame shi ba, yakan wuni bai yi ta kirki ba in ba ciniki ya kama ba.

'Yarsa Shafa'atu tana aure a Jugu, a gidan tsofaffin fataken goro. Mijinta Awalu ne. Da ta yaye 'yarta ta fari, Hamida, sai aka kawo yarinyar Paraku wajen kakarta Habiba, matar Sahabi, kamar yadda aka saba. Habiba mace ce mai surutu, ko tukunya take wankewa sai ta yi mata magana, yarinyar kuma har ta fara kama kalmomi a bakinta. Damina ta gaba Allah ya yi wa Habiba rasuwa. Bayan sadakar arba'in mutanen Jugu suka aiko a mayar musu da 'yarsu. Sahabi ya roƙa a bar masa ita, suka ji nauyinsa suka bari.

Zali, matar ƙanensa, ita ke yi mata wanka da abinci, amma tun da sassafe take fita sayar da waina a tasha. Saboda haka yarinyar wajen tsoho take wuni. Shi yana kan buzu a zaure da casbi, ita tana gefensa tana jera duwatsu. Ba ta kuka, ba ta ɓarna, ba ta kuma magana. 'Yan kalmomin da ta kama sun bi Habiba. Ta wuce shekara uku, in tana son ruwa sai ta nuna randa. A gidan ba mai kiran sunanta na yanka, 'Yar Jugu ake ce mata.

Sahabi ya lura, ba wai bai lura ba. Amma ya san ranar da labarin ya kai Jugu, ranar za a zo a ɗauke ta, zauren kuma ya koma shi kaɗai. Don haka duk lokacin da Awalu ya bugo waya, amsar ɗaya ce: lafiya lau take. Shafa'atu kuwa ba ta taɓa tambaya ba. 'Yar fari ce, kunya ba ta barinta ta ambaci sunanta, balle ta nemi lafiyarta a gaban ubanta. Takan gai da kowa a gidan, har awakin Zali, ta tsallake yarinyar.

Ana nan, wata Asabar da hantsi, sai ga wata mata ta yi sallama, da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Fatchima, ita ce metires, wato malama, a matarnel ɗin da ke bayan masallacin unguwa, makarantar ƙananan yara waɗanda ba su kai shiga lakwal, wato firamare, ba, tana zagaya gidaje ne tana duba waɗanda suka isa a kawo. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta juya ta ce, "Hamida, zo mu gaisa."

Casbin ya tsaya a hannun Sahabi. A duk Zongo wa ya san wannan suna? Ga kuma Hausarta, akwai ɗan jan harshe irin na mutanen Jugu masu haɗawa da Dandanci. Ya ci gaba da kallonta kamar yadda yake kallon saniyar da aka shafa wa mai. Ta fito da murafun kwalba ta zuba wa yarinyar. Ta zagaya bayanta ta tafa hannu, yarinyar ta waiwaya. Ta tambaye shi wa ke hira da ita a gidan, wa ke yi mata waƙa, tun yaushe ta yi shiru. Ya ce yarinya lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha. Matar ta ce ba ta musa ba, amma yaro da maganar da ake yi masa yake koyon magana, ya kawo ta ko na rabin yini ta shiga cikin 'yan uwanta. Ya ce zai duba.

Ya kuwa duba. Kwana da kwanaki yana zuwa ya zauna a bencin mai shayi da ke fuskantar makarantar, yarinyar a cinyarsa, yana leƙe ta ƙofar da ba a rufewa. Abin da ya gani bai kwantar masa da hankali ba. Makaranta ba allo ba bulala. Yara suna cika gwangwanin tumatir da yashi suna zubarwa, suna waƙa da Faransanci, suna tsalle. Metires kuwa ba ta da aiki sai tambaya: me ka ci da safe, wa ya dafa, ina babanka ya tafi. Yaran suna ta zuba. Sahabi ya ce a ransa, to, ashe haka ake kwasar sirrin gidajen mutane, ta bakin waɗanda ba su san ɓoyo ba. Mai shayi ya ce masa shi dai ɗansa tun da ya shiga bakinsa ya buɗe, har ya ishe su. Sahabi ya dube shi, ya fara tunanin ko shi ma da shi aka haɗa baki.

Da matar ta sake dawowa gidan, har ta ce ya kamata a kai yarinyar likita ya duba kunnenta don a tabbatar, sai ya gama yanke hukunci. Hajiya Bashira ce, uwar Awalu. Ita ta turo a tattara mata hujja, don in ta zo ɗaukar jikarta kada a ce ta yi rashin kunya. Shi kuwa bai saba a zagaye shi a ciniki ba. Ya bar yarinyar wajen Zali, ya shiga motar Jugu.

An karɓe shi da mutunci. Aka shimfiɗa masa darduma, aka kawo ruwa da goro fari a faranti. Hajiya Bashira ta zauna daga bakin ƙofar ɗakinta, suka yi gaisuwar surukai mai tsawo, aka sake yi wa juna ta'aziyyar Habiba. Sannan ya gyara zama.

"Hajiya, jikarki ce, ban hana ba. In kuna sonta ku faɗa mini baki da baki. Amma a turo mini baƙuwa har zaure tana tafa hannu a bayan kunnen yarinya, wannan bai dace da tsakaninmu ba."

Tsohuwar ta ajiye goron da take ɓarawa. "Wace baƙuwa, Malam Sahabi? Me ya sami kunnen nata?"

Ya yi shekara da shekaru yana karanta fuskar masu ƙarya, ya san ba ƙarya a wannan fuska. Nan take ya gane abin da ya yi: abin da ya daɗe yana rufewa, shi da kansa ya ɗauko shi a mota ya kawo. Ba yadda zai yi, ya faɗa mata yarinyar ba ta magana. Hajiya ta yi salati, ta ce gobe-goben nan a kawo ta, gidansu cike yake da yara da mata, ba za a bar jinin Awalu ta zama bebiya a zauren tsoho ba. Kalmar ta soke shi, amma ya haɗiye. Ya roƙa, shi da bai iya roƙo ba. Da ƙyar ta ce ta ba shi zuwa babbar Sallah. Za su zo da kansu, in yarinyar tana nan yadda take, da ita za su dawo.

Shafa'atu ce ta rako shi bakin hanya, tana riƙe masa ƙullin goro. Sai da suka yi nisa da gidan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baba, ni na aika ta."

Ta ce tare suka yi lakwal da Fatchima a nan Jugu. Duk lokacin da ta bugo masa waya takan kasa kunne ko za ta ji muryar yaro a bayansa, ko kuka ne, ba ta taɓa ji ba. Tun tana cewa barci ake yi har ta daina. Ya ce to me ya hana ta tambaye shi? Ta sunkuyar da kai. Har a wannan magana ba ta kama suna ba, "waccan" take cewa. Bai ƙara tambaya ba, don ya san amsar, a gidansa ta koyi wannan kunya.

Da ya dawo Paraku ya kai yarinyar asibiti, aka ce kunne lafiya. Ya kai ta matarnel, ya miƙa ta ba tare da ya saki fuska ba. Fatchima ta ce rabin yinin da za ta yi a nan ba zai isa ba, sai an yi mata magana a gida. Ya ce shi me zai ce wa yarinya ƙarama? Ta ce abin da ya sani, kowane ne, ya dai dube ta in yana yi, ya kuma jira ko za ta amsa.

Abin da ya sani shanu ne. Sai ya zama in ya ɗauko ta da azahar, suna tafe yana ba ta labarin farin sa da baƙar saniya, da yadda ake gane wadda ta sha wahalar tafiya. Ran kasuwa yakan ɗauke ta a zem, babur ɗin haya, su wuce unguwar Gema zuwa kara, ya ɗaga leɓen dabba ya nuna mata: wannan yaro ne, wannan tsoho ne. Da farko muryarsa ma baƙuwa take zame masa. Abokansa na masallaci suka samu abin tsokana, suna cewa Sahabi ya yi amarya baki ya buɗe, matar da aka yi shekaru da ita ba ta samu rabin wannan hira ba. Ya ƙyale su.

Ya kuma ƙirƙiro wani abu da ba wanda ya sa shi. Bayan la'asar yakan kira lambar Shafa'atu, ya ajiye wayar a kan buzu kusa da yarinyar, ya fita ƙofar gida ya tsaya, don uwar ta yi magana ba babba a kusa. Zuciyarsa ba ta bar shi ya huta ba. Wa ya sani ko kwaɗaita mata Jugu ake yi? Wata rana ya matso jikin bango. Ya ji muryar 'yarsa ƙasa-ƙasa tana kiran "Hamida, Hamida," tana yi mata waƙar da Habiba ke yi in tana tankaɗe. Ya ja da baya ya koma inda yake tsayawa.

Yarinyar ta fara fitar da sauti, wata rana kalma guda, wata rana ba komai. Metires ta ce ana samun ci gaba. Sahabi bai yarda ba, ya ɗauka irin maganar da ake yi wa mai saniya mara lafiya ce.

Ana jibi Sallah Hajiya Bashira ta iso da Awalu, da rago a bayan mota, Awalu ya kawo wa surukinsa na layya. Yarinyar na ganin baƙi ta shige bayan rigar kakanta. Hajiya ta kira ta, ta yi mata wasa, ta ce kishiya ba za ki gaishe ni ba, ta miƙa mata alewa. Ko uffan. Aka jima ana gwadawa. Daga baya Hajiya ta dubi Zali ta ce a haɗa kayan yarinyar.

Sahabi ya tashi, don ba ya son a ga fuskarsa, ya nufi inda aka ɗaure ragon. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya kama haɓar dabbar ya ɗaga leɓe. Ya ga abin da ya gani, ya yi shiru, ba a kushe kyautar suruki. Yarinyar da ta biyo shi ta tsuguna, ta leƙa bakin ragon, ta ɗago kai.

"Baba, tsoho ne."

Kowa ya juyo. Sai Hajiya ta fashe da dariya har tana share ido, ta ce wa Awalu ga shi nan, tun a hanya ta gaya masa an cuce shi, yanzu 'yarsa ta tabbatar. Ta sa a sake tambayar yarinyar, yarinyar ta ƙi, ta koma bayan riga. Amma an riga an ji. Kafin su tafi Hajiya ta ce a bar ta ta gama matarnel ɗin, in lokacin lakwal ya yi sai ta koma Jugu, wannan kuma ba roƙo a ciki.

Har yau in ka bi ta bayan masallacin da safe za ka gan shi a bencin mai shayi, sanda a tsakanin gwiwoyi, ido a ƙofar makaranta. Ya rage zuwa kara. Yana gaisawa da metires, amma bai daina mamakin abin da take yi da duk amsoshin da yara ke ba ta ba. Yakan kuma ce wa mai shayi Hajiya ta yi saurin yarda, akwai abin da ba ta faɗa ba. In an tashi, Hamida takan fito da gudu ta kama yatsansa, su nufi gida, ita ke magana yanzu, shi yana cewa to, to.