Irin Da Na Shanya A Rana

Ɗiyar ƙanena marigayi a hannuna ta tashi. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata. Da ta gama karatun aikin gona a Zariya, ta dawo da wani baƙin gari a leda, kamar dakakken gawayi. Ta ce akwai ƙwayoyin halitta masu rai a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, idan suka kama saiwar shinkafa sukan taimaka mata jan abinci daga ƙasa. Manoman garinmu suka ce ba za su yarda da ita ba sai sun gani a gona. Na ba ta rabin fadamata ta wajen Furana ta gwada.

Ranar shuka ta jiƙa mazarƙwaila, ta yayyafa wa irin shinkafar ruwan don garin ya manne, ta cakuɗa. Ta ce in bar shi a zaure ya sha iska, ta hau mashin zuwa Paki. Na taɓa irin, na ji danshi. Tun ina yaro na san jiƙaƙƙen iri rana ake kai shi, kada ya yi fumfuna. Na baza shi a tabarma a tsakar gida har ya yi zafi a hannu. Kwano ɗaya ne tabarmar ba ta ɗauka ba, ya zauna a inuwar zaure. Da yamma muka shuka, ban gaya mata na shanya irin a rana ba.

Da shinkafa ta rufe ƙasa, manoma suka zo kallo. Rabinta da nawa babu bambanci. Wani ya ce ashe gawayin nata ba ya kama wuta, aka yi dariya, har da ni. Ita dai ta wuce can bakin gona, inda wasu 'yan layuka suka fi duhun kore da yawan 'ya'ya. Ta tumɓuke guda, saiwar cunkus kamar gemu.

"Baba, wane iri aka zuba a nan?"

Na ce ragowar kwanon zaure ne, sauran na shanya a rana. A gaban mutanen na faɗa.

Ta dubi saiwar, ta ce, "Rana ta kashe ƙwayoyin halittar ke nan. Ni ma ban gaya maka dalilin barin shi a zaure ba."

Wannan rangwamen da ta yi mini har yau yana cin raina. Kaɗan ne suka tsaya suka duba saiwar, kuma su kaɗai suka karɓi garin da damina ta zagayo. Sauran da labarin gawayi suka koma gida.